Makaranta Kusa

A gyara zama, a rage rediyo, mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama. Yau zan gabatar da babbar mace: shugabar tukwane goma sha ɗaya, kwamandar ludayi, wadda ta fasa ƙwan da ya fi mutanen garin nan yawa, kuma ba ta taɓa jefa ɓawo a kasko ba. Albasa in ta hango ta da wuƙa, ita ke fara hawaye. Gwaggona ke nan, yayar Baba, mai girkin safe a kamfanin kwali. Tsayinta bai wuce kafaɗata ba, ni ma kuma ba dogo ba ne.

Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki. Ɗakin girkinta yana can bayan kamfanin, inda manyan motoci ke juyawa. Akwai taga mai faɗi da ake miƙo faranti, benci shida, da famfo mai ɗiga wanda aka ɗaure wa tsumma tun kafin a haife ni. Ƙarfe shida jiniya ke busawa, masu tashi daga aiki da masu shiga su yi karo a bakin tagar, kowa da yunwarsa, kowa da bakinsa. Gwaggo ba ta ɗaga kai. Muryar mutum kawai take ji, hannunta ya riga ya san abin da zai ɗauko.

A jikin bango akwai allo da manaja ya sa aka rubuta da fenti: burodi da ƙwai, wake da burodi, dankali da hanta, shayi. Ban taɓa ganin wanda ya karanta shi ba. Duk wanda ya zo taga ya ce a ba shi burodi da ƙwai, an san jiya aka ɗauke shi aiki.

Ƙwai ɗaya a naɗe cikin burodi, wanda ake ci a tsaye loma uku, sunansa Manaja Na Zuwa. Dankali da hanta da ƙwai biyu, har da yankan tumatir a gefe don ado, shi ne Surukai Sun Zo. In aka bar masa mai yana tsiyaya ya koma Likita Ya Hana, na tsofaffin direbobi, waɗanda ke ci suna waige kamar matansu na tsaye a bayan benci. Ƙwan da aka bari gefensa ya ƙone, Amarya Na Koyo ne. Wani mai gadi ya kawo sunan. Ya ce haka matarsa ta riƙa yi masa a shekararsu ta fari, daga baya ta ƙware, shi kuma har yau bai yafe mata ƙwarewar ba.

Wake da burodi kuwa Gyangyaɗi ake ce masa, kuma a kansa Gwaggo take da doka. Mai tashi daga aiki ya ci ya ƙoshi, gado zai je. Amma wanda zai tsaya a kan injin yanka kwali, ko zai kwanta a ƙasa yana birgima ba za ta zuba masa ba. Ta san jerin masu injin fiye da mai rubuta jerin. Wani ƙato ya taɓa aiko abokinsa ya karɓar masa a ɓoye, ta fito da kanta ta ɗauke farantin daga gabansa, ta ajiye masa shayi mai kauri, ta ce yatsunsa goma ta ƙirga da ya shigo, goma take so ta gani in zai fita.

Ni ma ina da nawa. Gindin burodi da abin da aka kankaro daga kasko bayan kowa ya watse, da rabin kofin shayi. Sunansa Zan Fara Gobe. Ba ni na raɗa ba, ma'aikata ne, saboda tun da na bar makaranta a aji huɗu nake faɗa wa Gwaggo haka. Na yi gyaran waya, na yi faci, na sayar da caja a bakin titi, ko'ina ƙafata ba ta yarda ta yi wata uku. Shi ya sa take kirana Tsalle. Na taɓa tambayar ta yadda take ƙirƙiro sunayen nan, ta ce ita ba ta ƙirƙira. Abinci ba ya samun suna sai an ci shi ranar da wani abu ya faru, daga nan sunan ya manne.

A duk gidanmu ni kaɗai ke zuwa wurinta, kuma ga dalili.

Baba akawu ne a wani ofishi, mutum ne da har hankicinsa sai an goge. Shekara bakwai da suka wuce aka ƙara masa girma, ya tara abokan aikinsa a gida. Gwaggo ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta zo da tukwanenta biyu da farar rigar girkinta, ta wuni a gaban wuta. Da ta shigo falo da tire, ogansu Baba ya yaba abincin, ya tambaya wace ce wannan baiwar Allah. Baba ya gyara wuyan riga ya ce, “Mai girki ce.”

Ba ƙarya ya yi ba, kuma hakan ne ya ɓata abin. Gwaggo ta gama rabon abinci, ta wanke tukwanenta har gindinsu, ta naɗe rigarta, ta yi wa Mama sallama ta tafi. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ba ta dai sake taka ƙofar gidanmu ba. Baba ya san abin da ya yi, amma wuyansa irin na rigarsa ne, sitaci ya yi masa yawa. In na dawo daga kamfanin sai ya tambaye ni ko famfonsu na nan yana ɗiga. In na je can sai ta tambaye ni ko Mama ta samu gyara murfin fulas ɗinta. A haka suka yi shekara bakwai suna gaisawa ta famfo da fulas, ni ne ɗan aike.

Bana zazzaɓi mai naci ya kwantar da Baba, mako uku a asibiti. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da bakinsa. Aka sallamo shi gida, ya yi kwana goma sha biyu ba abin da ke shiga cikinsa sai cokali biyu uku na shayi. Agogonsa ya riƙa zamowa har gwiwar hannu. Likita ya ce maganin da yake sha ba a shan shi da ciki wofi, in zuwa Litinin bai fara ci ba a dawo da shi, a zura masa roba ta hanci. Baba ya ji, ya juya fuska bango. Mutumin da ba ya fita sai ya duba madubi sau biyu, na san robar nan ta fi ciwon tsorata shi, amma tsoron bai buɗe masa baki ba.

Ranar Alhamis da safe Mama ta zauna a bakin gado tana lissafa masa duk abin da ta iya dafawa. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, Makaranta Kusa yake so.

Mama ta dube ni, na dube ta. Shekara ashirin da takwas tana aurensa ba ta taɓa jin sunan ba. Da ƙyar muka tatso bayani: shinkafa ce, da albasa, da ƙwai. Innarsu ce ke dafa masa yana ƙarami, ta rufe da faranti ta bar masa kafin ta fita aiki. Inna kuwa ta rasu tun ina rarrafe.

Mama ta ce in dai wannan ne ai da sauƙi. Ta dafa sabuwar shinkafa fara tas, ta soya da man shanu, ta fasa ƙwai uku. Ya shinshina ya ture. Ta sake da tumatir, ya ture. Ranar Juma'a na karɓi kicin, na ce a bar wa ƙwararru. Na zuba duk abin da na gani a kwalba, har da wanda daga baya aka ce na shayi ne. Baba ya ɗaga ido ya dube ni, ya ce in ma kashe shi zan yi, in bari ya mutu da yunwa ya fi mutunci. Mama ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Asabar da safe na tafi kamfani. Na jira har layi ya ƙare, Gwaggo ta turo mini Zan Fara Gobe ba tare da ta dube ni ba. Ban taɓa shi ba. Shi ne ta ɗago.

“Tsalle, wa ya mutu?”

Na ce ba kowa tukuna. Na faɗa mata komai, har robar. Ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya bushe. Ta san yana asibiti, ni na faɗa mata tun farko, kuma kullum sai ta cika mini fulas ta ce in kai wa Mama, kada in ce daga ina. Da na ambaci sunan abincin sai hannunta ya tsaya.

Ta tambaya da me muka yi masa. Na faɗa mata. Da na zo kan man shanu da ƙwai uku ta yi tsaki, ta ce mun yi wa talaka ɗinkin mai kuɗi, ina zai gane kansa. Na ciro biro na ce ta faɗa mini yadda ake yi in rubuta a hannu, Mama ta dafa yau ɗin nan.

“Ba a dafa shi rana ɗaya,” in ji ta. “Sai ya kwana.”

Ta ce ba shinkafa ba ce, ƙanzo ne, wanda ke kamawa a gindin tukunya in an dafa ta yamma. Kuma ba kowace ƙuna ba. In ya yi fari bai yi ba, in ya yi baƙi ya wuce, akwai wani ƙamshi da in ya taso ake sauke tukunya, kuma ƙamshi ba ya rubutuwa a tafin hannu. Na ce to ta yi a nan in zo in ɗauka gobe. Ta ce daga kasko zuwa baki ne, in ya hau mota ya zama roba. Duk mu biyu mun ga inda maganar ta nufa. Ta kalli famfon nan mai ɗiga ta daɗe. Sai ta ce in gaya wa Mama ta ajiye mata tukunya mai kaurin gindi, kuma ba wurin kowa za ta zo ba, wurin tukunya za ta zo.

La'asar sakaliya ta iso da jaka ɗaya, ta bi ta ƙofar baya ta shiga kicin. Mama ta rungume ta tana “Yaya, Yaya,” ita kuwa ta ce a ba ta ashana. Tukunyar da Mama ta fito da ita ta baƙi ce, wadda ba a ko saka mata cokalin ƙarfe. Gwaggo ta dafa shinkafa, ruwa ya tsotse, ta bar ta a kan wuta. Mama ta miƙa hannu za ta rage, Gwaggo ta buge hannun. Na ga Mama tana kallon tukunyarta kamar ana yi wa ɗanta kaciya. Gwaggo ta rufe ido, hancinta na motsi. Can ta sauke, ta kwashe ta saman muka ci da miya, ta yayyafa wa gindin ruwa da yatsu, ta rufe, ta ce duk wanda ya buɗe ya kuka da kansa. Da ni take.

Ɗakin Baba yana jikin kicin, bango ɗaya ya raba su. Ba ta leƙa ba, shi ma bai kira ba, amma na san ya ji muryarta, don da na shiga ya ce in miƙo masa mataji.

Muna wanke kwanuka na dame ta da tambaya har ta gaji ta ba ni labarin sunan. Babansu ya rasu Baba na da shekara biyar, ita goma sha ɗaya. Inna ta samu aikin shara a wani asibiti, tana fita tun gari bai waye ba. Makarantar Baba kuwa tafiyar kusan awa ce a ƙasa. Kullum sai ya zauna a bakin ƙofa yana kuka, wai makaranta da nisa, ƙafarsa ba za ta kai ba. Sai a ce masa ya ci wannan, in ya cinye makaranta za ta matso kusa. Ya ci, ya tashi, ya tafi. Suna da kaza ɗaya, ƙwanta ɗaya a rana, nasa ne.

Na ce to Inna da ke fita da duhu, yaushe ta soya abin da ba ya jira? Gwaggo ta miƙo mini faranti ta ce bai fita ba, in sake wankewa. Na sake tambaya. Ta ce yaron ba ya cin girkin kowa sai na uwarsa, to sai ta riƙa kifa faranti a kai ta tashe shi ta ce Inna ta bar masa. Na ce ita fa, me take ci, kuma tata makarantar fa? Ta ce ita tata makarantar ba ta matso ba, kuma in na kuskura na kai masa maganar nan, Zan Fara Gobe ya ƙare har abada. Na rantse. Ni da ban taɓa riƙe sirri ya kwana ba, wannan na riƙe, Allah ne shaida.

Lahadi gari na wayewa ta ɗora kasko. Mai kaɗan, rabin albasa, gishiri. Sannan ta ɗauko cokalin ƙarfe ta fara kankarar tukunyar. Ƙwar, ƙwar, ƙwar, sau uku, ta buga cokalin a bakin tukunya sau ɗaya, ta sake. Mama ta toshe kunne saboda tukunyarta. Ƙanzon ya riƙa ɓallowa fale-fale, ja kamar bulo, ta zuba a kan albasar, ta buɗe rami a tsakiya ta fasa ƙwai ɗaya tak.

Sai muka ji jan takalmi. Baba ne a bakin ƙofar kicin, ya dafa bango, mutumin da sai mun kama shi yake zuwa bayi. Na jawo masa kujera ya zauna. Gwaggo ba ta juyo ba. Ta juye a faranti, ta kifa wani a kai, yadda aka saba, ta ajiye a gabansa da cokali.

Ya buɗe, tururi ya buge shi. Bai ci ba tukuna. Ya ce ƙarar nan ce ta tashe shi, uku da bugu ɗaya. Ya ce yana ƙarami yakan ji ta cikin barci, kuma yanzu da yake kwance yana saurare ya tuna wani abu: kullum sai ƙofa ta rufu, takun Inna ya yi nisa, sannan ƙarar take farawa.

“Yaya,” ya ce, “ke ce?”

“Ci kafin ya huce, Auta.”

“Shekara shida?”

“Bakwai. Ka maimaita aji uku.”

Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Muka tsaya kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ya tauna, ya daɗe yana taunawa, ya haɗiye. Ya sake ɗiba. Da ya zo kan ƙwan sai ya raba shi biyu da gefen cokali, ya tura rabi bakin faranti wajenta. Ta ce ita ta ci nata. Ya ce haka take cewa a da ma. Sai ta jawo kujerar tsugune ta zauna, ta sa hannu ta ɗauka. Mama ta juya tana wanke kofin da ba a sha komai da shi ba. Ni kuma albasa ce ta dame ni, kowa ya san rabin albasa ma yana da ƙarfi.

Bai cinye ba, ya bar kamar cokali uku. Amma ya sha magani a kai, da rana ya nemi shayi da burodi, da yamma Gwaggo ta sake ƙona tukunyar Mama, wannan karon Mama ce ta riƙe mata murfi.

Litinin muka je asibiti mu huɗu. Gwaggo ta aika kamfani cewa a nemi mai riƙe taga, karo na biyu a shekara talatin da ɗaya, ta kuma aika da sunayen waɗanda ba za a ba Gyangyaɗi ba. Likita ya duba Baba, ya tambayi abin da ya ci, ya ce a bar maganar roba. Yana rubutu ya nuna Gwaggo da biro ya ce wannan fa? Baba ya gyara wuyan rigarsa, wadda yanzu ta yi masa yawa, ya ce yayarsa ce, ita ta kai shi makaranta. Gwaggo ta ce wa likita kuma mai girki ce, in yana da abin da zai hana ya faɗa mata kai tsaye, ta san yadda ake yi da shi.

Yanzu duk Asabar da yamma tana gidanmu, ta ƙofar gaba. Mama ta haƙura ta bar mata tukunyar. Baba ya koma ofis, kuma ya aika mai gyara ya canza famfon kamfanin, abin da Gwaggo ta ce shisshigi ne, ta saba da ɗigar.

Ni kuwa na ga bai kamata irin wannan tarihi ya tafi a banza ba. Lahadin da ta wuce, bayan an karya, na hau kan kujerar tsugune a tsakiyar kicin, na riƙe ludayi a baki kamar lasifika. Na karanto mata duk abin da na buɗe wannan rubutu da shi, tukwane goma sha ɗaya, kwamandar ludayi, albasa mai hawaye. Na ƙara da cewa ita ce macen da ta jawo makaranta da cokali ɗaya, ta kori robar asibiti da ƙwai ɗaya, kuma ina ba da shawara a kafa gunkinta a ƙofar kamfani, riƙe da kasko. Baba har da tafi.

Gwaggo ta jira na sauko. Ta karɓe ludayin ta duba ko na sa masa yawu.

“Tukwanen tara ne, biyu sun fashe,” ta ce. “Jiƙa tukunyar nan ka wanke, tunda jiya ka ce gobe za ka fara.”